Yadda ake gyaran fankar zuƙar hayaƙi ta masana'anta da sauya kayanta, mataki-mataki

Tun da hunturu ya shigo ƙura ta fara sauka, tambaya iri ɗaya ke ta zuwa mini daga masu gidajen burodi, masu injin shinkafa, masu matsar man gyaɗa da masu kula da kicin na otal a nan Katsina, wasu ma daga Daura. Wani ya ce fankarsa tana juyawa amma hayaƙi ya tsaya a ɗaki. Wani ya ce ya sa sabon boris, ko wata uku ba a yi ba ya sake kuka. Wani kuma moto ne ya ƙone masa sau biyu a shekara guda. Na ga gara in shimfiɗa aikin gaba ɗaya a wuri guda.

Ka riƙe wannan tun daga farko: abin da ya lalace a fanka da wuya ya zama shi ne tushen matsalar. Kunkunniya ce ke taruwa a farfela, farfela ta yi nauyi gefe ɗaya, girgiza ta cinye boris, boris ya cije, moto ya ja wuta fiye da ƙima ya ƙone. Wanda ya sauya moto ya bar farfela da dattinta ya zubar da kuɗinsa. Shi ya sa wanki ya riga sauyi a wannan jeri, kuma ina roƙonka kada ka tsallake shi.

Bayanin ya bi fanka mai gidan katantanwa da bel ke ja, don ita ta fi yawa a wuraren da hayaƙi ke da zafi. In taka farfelarta a kan shaf ɗin moto take kai tsaye, wato sandar ƙarfen da ke juyawa, sai ka tsallake mataki na 5.

Kayan da za ka tanada

Sifanoni da alanki, sukudireba, gudumar roba, fula mai ƙafa uku ta zaro puli (kewayayyen ƙarfe mai rami da bel ke hawa kansa) da boris, buroshin waya, abin kankara, samfefa mai laushi, alli, zare ko miƙaƙƙen ƙarfe, bindigar giris, kananzir da tsumma. Ta fuskar wuta: mitar awon lantarki, da mitar da ake maƙalawa a jikin waya ta nuna amfiya. Mega, wadda ke gwada lafiyar rufin kwayil, ba kowa ke da ita ba, amma masu naɗin kwayil suna da ita. Sai kwaɗo da makulli, safar hannu, tabarau da takunkumi.

1. Saurara kafin ka kashe

Kafin ka taɓa sifana, bar fankar ta yi aiki ka tsaya kusa da ita. Ƙugi mai sirara a lokacin tashi, bel ne ke santsi. Gurnani mai ɗorewa daga wajen shaf, boris ne. Ka ɗora bakin doguwar sukudireba a kan gidan boris, ka kara mariƙinta a kunne, za ka ji wanne ne daga cikin biyun. Ƙarar gogar ƙarfe, farfela ce ke taɓa bakin gidanta. In duk jikin fankar ke rawa har bututu, nauyin farfela ya karkata.

A nan ne kuma za ka auna amfiya a kowace waya cikin ukun, in moton mai layi uku ne, ka rubuta. Wannan adadi za ka gwama da na bayan gyara.

Gargaɗi: ka cire babbar riga da rawani ko hirami, ka naɗe hannun riga. Bel ba ya jiran kowa ya ja da baya.

2. Kashe wuta, sa kwaɗo

Kashe makunni bai isa ba. Ka sauke bireka ko ka zare fis, ka sa kwaɗo, makullin ya zauna a aljihunka. Ka tuna yawancin wuraren nan suna da hanyar wuta biyu, ta KEDCO da ta janareta, wasu har da sola. Yaron da ke ƙasa bai san kana sama ba, yana iya tayar da janareta ya juya layi. Bayan ka rufe, gwada da mita a bakin moto ka tabbatar babu wuta. In moton mai layi ɗaya ne, yana da kafasita da ke riƙe caji bayan an kashe, sai a sauke cajin kafin a taɓa waya.

Gargaɗi: tanda ko tukunyar turara shinkafa dole ta mutu ta huce kafin a tsayar da fanka. Garwashi yana fitar da iskar gubar da ba ta da wari ba ta da launi, wadda ke kwantar da mutum a rufaffen ɗaki. Sannan ka cusa katako a farfela ka tare ta, domin iskar da ke bi ta bututu tana juya ta ko babu wuta.

3. Buɗe ka wanke

Ɗauki hoton komai da wayarka kafin ka kwance: yadda wayoyi suke, inda puli ya tsaya a shaf, gefen da fukafukan farfela suka kalla. Cire murfin bel, buɗe ƙofar gidan farfela.

Abin da za ka tarar ya danganta da sana'ar. A gidan burodi mai itace, kunkunniya ce da ƙwalta baƙa mai danƙo. A kicin, maiƙo ne da ya haɗu da ƙurar hunturu ya daskare. A injin shinkafa, toka da ƙaiƙayi. Ka kankare kowane fiffike ciki da baya, har kusurwar da ya haɗu da faranti. Kuskuren da aka fi yi shi ne a wanke inda hannu ya kai a bar sauran. Farfelar da aka wanke rabi ta fi wadda ba a taɓa ba girgiza, don yanzu gefe ɗaya ya sauƙaƙa ɗayan yana nan da kayansa. In ka fara, ka gama.

Maiƙo yana fita da ruwan zafi da sabulun gari. Sodar sabulu ta fi ƙarfi, amma tana cin alminiyam tana kuma ƙona fata, don haka farfelar ƙarfe kaɗai za a sa wa, da safar roba da tabarau. Ka rufe moto da boris da leda kafin ruwa ya taɓa wurin.

Bayan wanki, haska fitila ka bi waldar kowane fiffike. Tsagewa ko da siririya ce, ko ƙarfen da tsatsa ta cinye ya yi laushi, ba abin haƙuri ba ne. Farfelar da ta fashe tana cikin gudu tana huda gidanta.

Kada ka manta ramin tsiyayar ruwa da ke ƙasan gidan farfela, da hular saman bututu. Daga Yuni zuwa Satumba ruwan sama yana shiga bututun da hularsa ta tashi, ya kwanta a ƙasan gidan ya ruɓar da shi. Ka leƙa bayan moto ma, zanzaro yana son yin ɗakinsa a murfin ƙaramar fankar da ke sanyaya shi.

Gargaɗi: kada a wanke da fetur, kada kuma a cinna wuta a bututu wai don maiƙo ya ƙone. Haka gobara ke tashi a rufi.

4. Gwada nauyin farfela

Cire bel, ka juya farfela da hannu ka bar ta ta tsaya da kanta. Sa alamar alli a wurin da ya sauka ƙasa. Maimaita sau huɗu ko biyar. In alamun sun warwatsu, lafiya lau. In wuri ɗaya ke ta komawa ƙasa, can nauyin yake. Ka manna ƙaramar washa a ɗaya gefen, wato wanda ya tsaya a sama, ka ci gaba da gwadawa kana ƙari ko ragi har ta riƙa tsayawa ko'ina, sannan a kama washar da walda.

Wannan dabara tana aiki ga farfela marar faɗi, kuma sai boris yana juyawa sumul. Farfela mai faɗi, ko mai gudun juyi kusan 2,900 a minti, sai an kai ta wurin masu na'urar daidaita nauyi.

Gargaɗi: mai walda ya maƙala wayar ƙasarsa a jikin farfelar kanta, kusa da inda yake aiki. In ya maƙala a gindin fanka, wutar za ta ratsa ta cikin boris ta tsattsaga ƙwayoyinsa, sabon boris ya tsufa a rana ɗaya.

5. Bel da puli

Duba cikin bel. Tsattsagewa, ƙyalli a gefe, ko baƙin gari a ƙasan murfi, duk alamun ya gama ne. Lambarsa tana rubuce a bayansa. Harafin yana nuna faɗi: A milimita 13 ne a sama, B milimita 17, lambar da ke biye kuma tsawo ce. In rubutun ya goge, ɗauki tsohon ka tafi da shi shago.

Kafin ka sa sabo, kalli ramin puli. Bel da gefensa yake kamawa, bai kamata ya taɓa ƙasan rami ba. In ƙasan ramin yana ƙyalli, puli ya cinye, kuma zai cinye kowane bel da aka ɗora masa.

Yadda ake sawa: sassauta notocin gindin moto, tura moton gaba, ɗora bel da hannu, sannan ka ja moton baya. Masu ɗana bel da sukudireba suna murza puli suna tsinka zaren cikinsa tun bai fara aiki ba. In bel biyu ko uku ne, a sauya su duka tare, kamfani ɗaya lamba ɗaya, domin tsohon ya riga ya miƙe, sabon ne zai ɗauki kayan shi kaɗai.

Sai saiti. Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe ko ka ja zare a fuskar puli biyun. Ya taɓa wuri huɗu, biyu a kowanne. In akwai rata, gyara kafin ka ɗaure. Ɗauri kuma, danna tsakiyar bel da babban yatsa: a kowace mita ɗaya ta tazarar da ke tsakanin puli biyu, ya lotsa kamar milimita 16, wato rabin mita milimita 8. Wanda ya yi sako-sako yana santsi ya yi zafi. Wanda aka ja ya yi tsauri ya fi shi ɓarna, don boris yake ci ba tare da ƙara ba. Bayan kwana ɗaya ko biyu na aiki a dawo a sake ɗaurewa, sabon bel yana miƙewa.

Gargaɗi: kada ka canza girman puli don fanka ta ƙara ja ba tare da lissafi ba. In gudun farfela ya ƙaru da kashi 10 cikin 100, ƙarfin da take nema daga moto yana ƙaruwa da kusan kashi 33. Motoci da yawa ta nan suke ƙonewa.

6. Sauya boris

Nan ne aikin yake, nan ne kuma aka fi ɓata shi. Kama shaf ka jijjiga sama da ƙasa. In akwai wasa, ko ka juya ka ji gargada, a sauya. Ra'ayina a sauya biyun tare, tunda an riga an kwance.

Lambar tana jikin zoben. Lambobi biyu na ƙarshe, daga 04 zuwa sama, in ka ninka su sau 5 suna ba ka kaurin shaf: 6205 na shaf mai milimita 25 ne, 6206 na 30. Mai gidan zama haka yake, UCP205 na 25, UCP208 na 40. Haruffan baya ma suna da ma'ana. 2RS rufin roba ne, ya fi tare ƙurarmu. ZZ rufin ƙarfe ne. C3 yana da ƙarin sarari a ciki don ƙarfe ya samu wurin buɗewa idan ya yi zafi. In tsohon C3 ne, sabon ma ya zama C3.

Jerin aikin: yi alama a shaf inda puli da boris suka tsaya. Zare puli da fula. In mai bushin ne, wato zoben ƙarfe mai sukurori da ke matse puli a shaf, kwance sukurorinsa ka mayar da ɗaya a ramin turawa, zai saki da kansa. Tallafe shaf da katako don farfela kada ta faɗa kan gidanta. Sassauta ƙananan sukurorin da suka kama shaf, ka goge tabon da suka bari da samfefa, sannan ka zare tsohon boris. Share shaf tas, ka duba wurin zaman. In ya cinye har sabon boris yana lilo a kai, shaf ɗin sai mai injin sassaƙar ƙarfe. Masu tsattsaga shaf da ƙusa don boris ya kama suna sayen mako biyu ne kawai.

Wajen sawa, ƙarfi ya bi ta zoben ciki, wanda ke rungume da shaf. Samu guntun bututu daidai da zoben, ka riƙa buga shi a hankali. Guduma kada ta taɓa boris kai tsaye. Buɗaɗɗen boris mai matsewa ana iya ɗumama shi a mai mai tsabta zuwa kamar digiri 110, kada ya wuce 120. Mai rufin roba ba a tsoma shi a mai, kuma babu wanda ake gasawa da wutar walda. Kada a ɓare ledar sabon boris sai lokacin sawa, musamman ranar da iska ke ɗauke da ƙura.

Kafin ka ƙarasa ɗaure gidajen boris, juya farfela ka ga ratar da ke tsakaninta da bakin zuƙa ta yi daidai ko'ina. Ratar in ta yi yawa iska na komawa baya, ja ya ragu.

Giris: ɗan kaɗan ake sawa. Boris kamar 6205 gram 4 ya ishe shi a kowane ƙari, 6206 gram 5, wato matsa bindiga kaɗan ne. Wanda aka ɗura wa giris har ya tumbatsa zafi yake yi. Goge bakin nonon giris kafin ka ɗora bindiga, in ba haka ba da hannunka ka tura yashi ciki. Giris na lithium mai lamba 2 yana kaiwa wajen digiri 120. Wurin da ya fi haka zafi yana son na musamman, kuma ba a gauraya iri biyu. Da zarar zafin boris ya haura digiri 70, kowane ƙarin digiri 15 yana raba kwanan giris biyu. Fankar da ke kan rufin kwano a watan Afrilu, rana ta haura digiri 40 ga hayaƙi na bi ta ciki, tana bukatar giris fiye da wadda ke inuwa.

Gargaɗi: jabun boris ya cika kasuwa, a kwali mai sunan SKF ko NSK ko FAG. Araha ba ta ado. Duba rubutun jikin zoben ko ya fita tsaf, ka karɓi rasit. SKF tana da manhajar waya mai suna SKF Authenticate da ake tura hoton kaya a tantance.

7. Moto

Share fukafukan jikinsa, don ta nan yake huce zafi. Buɗe akwatin wayoyi ka ɗaure duk notin da ya saki, ka duba alamar ƙuna. Auna kwayil ukun, su ba da adadi kusan ɗaya. A gwada da mega mai bolt 500 tsakanin kwayil da jikin moto. In ya gaza megohm 1 kada a ba shi wuta, akwai danshi ko rufin ya lalace.

In za a sauya, karanta farantin jikinsa gaba ɗaya: kilowat, bolt, amfiya, gudu, da lambar firam. Wutarmu 50Hz ce, bolt 230 a layi ɗaya, wajen 400 a layi uku. Moto mai gudun 1,450 da mai 2,900 suna iya zama kilowat ɗaya, amma in ka sa na biyun a gurbin na farko ka ninka gudun farfela. Lambar firam kamar 100L ko 112M tsayin shaf ne daga ƙasa a milimita, ita ke sa ramukan noti su dace. Nemi IP55, lambar da ke nuna jikin moto na tare ƙura da ruwa, da ajin rufin kwayil F mai jure digiri 155, ko H mai jure 180. Moton gwanjo da aka yi don wutar Amurka mai 60Hz, wanda aka rubuta masa 1,750, a nan wajen 1,450 zai yi.

Gargaɗi: a saita obalod, wato na'urar da ke yanke wuta in moto ya ja fiye da ƙima, daidai da amfiyar da ke farantin moto. In yana yawan faɗuwa, faɗa maka yake akwai matsala. Ɗaure shi da waya ko ƙara lambarsa shi ne hanyar ƙona kwayil. A sa kuma na'urar da ke yanke wuta in layi ɗaya cikin uku ya ɗauke, domin moton da ke gudu da layi biyu ba ya daɗewa.

8. Haɗawa da gwaji

Ƙirga sifanoninka, cire katakon da ka tare farfela da shi, mayar da murfin bel. Duba robobin da ke ƙarƙashin gindi da tamfol ɗin da ya haɗa fanka da bututu, wanda ya yage a sauya. Ba da wuta na daƙiƙa ɗaya ka kashe, ka kalli gefen da take juyawa ka gwama da kibiyar jikin gida.

Wannan ɗan gwaji shi ne amsar masu cewa tana juyawa amma ba ta ja. Fanka mai gidan katantanwa ko da baya take juyawa tana fitar da iska ta hanyar da ta saba, sai dai kaɗan, shi ya sa ba a ganewa. A moto mai layi uku, musanya kowace waya biyu, shi ke nan. A gwada a wutar gari, a gwada a janareta, a sake dubawa duk lokacin da aka yi aiki a taransifoma ko aka sauya janareta.

Bar ta ta yi minti 30. Amfiya ta kasance ƙasa da ta faranti, layukan uku kuma kusa da juna. Sabon boris yakan ɗan yi ɗumi da farko ya sauka. In zafin hawa yake yi ba tsayawa, kashe ka duba ɗaurin bel da yawan giris.

Maganar kuɗi

Farashin waɗannan kaya dala yake bi, don haka ka buga waya shago biyu ko uku ranar da za ka saya. Jerinsu daga mai sauƙi zuwa mai tsada dai galibi haka yake: giris da bel, sai boris, sai puli, sai naɗin kwayil, sai sabon moto ko sabuwar farfela. Bel da boris na yau da kullum ana samu a shagunan kayan inji na cikin Katsina. Puli mai bushin, giris na zafi da manyan motoci galibi sai Kano, Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa, sai ka haɗa da kuɗin mota da yinin da aiki zai tsaya. Wanda ke Daura ya fi bukatar ajiye bel saiti ɗaya da boris biyu a sito.

Naɗin kwayil in ya kai rabin kuɗin sabon moto, ni sabo nake ba da shawara, musamman ga moton da aka taɓa naɗawa. Da mai gyara kuma, Malam, ku yi ciniki a kan aikin gaba ɗaya har da wanki da gwaji, ka ce ya ba ka tsofaffin kayan da ya cire.

Yaushe za a maimaita

Kowane mako a saurara a duba bel. Daga Nuwamba zuwa Maris a share jikin moto duk mako biyu. Ƙa'idar kiyaye gobarar kicin ta Amurka, NFPA 96, ta ce wurin da ake girki da itace ko gawayi a duba bututunsa kowane wata, mai yawan aiki kuma duk wata uku, kuma wannan ya dace da gidajen burodinmu da wuraren gashi. A rataye kwali kusa da makunni a riƙa rubuta ranar giris, lambar bel da boris, da amfiyar da aka auna.

Akwai wata fanka daban a manyan gine-gine, wadda aka tanada don fitar da hayaƙi ranar gobara. Za ka ga F300 ko F400 a farantinta, na biyun yana nufin ta jure digiri 400 har minti 120. Ita ana share ta ana tayar da ita gwaji, amma motonta da boris ɗinta da giris ɗinta na musamman ne. Ba a kai ta wurin mai naɗin kwayil, daga kamfanin da ya ƙera ta ake kawo madadin.